Yaya fim ya koyi ba da labari tun bai iya magana ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin tace fim a Kano. Na ci karo da wasu tsofaffin finafinai marasa kala a YouTube, babu magana a cikinsu, mutane sai sauri suke kamar ana korarsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya masu kallo na wancan zamani suke gane labari ba a furta ko kalma ɗaya ba? Kuma wa ya fara saka labari a fim?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'ar koyo. Bari mu fara kawar da batun saurin, don shi ne mai sauƙi. Kyamarorin wancan lokaci da hannu ake juya su, yawanci ana ɗaukar hoto kimanin 16 a daƙiƙa ɗaya. Da fim mai sauti ya zo sai aka tsayar da 24. To idan ka haska mai 16 da gudun 24, dole ka ga mutane suna rawar jiki. Masu kallon farko ba haka suka gan su ba.

Shi kuwa labari, da farko ma babu wanda ya damu da shi. Ranar 28 ga Disamba 1895, lokacin da aka haska wa jama'a finafinai goma na wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, a wani ɗakin ƙasa na Grand Café a birnin Paris, kowane fim bai kai minti ɗaya ba, saboda iya tsawon zaren da kyamararsu ke ɗauka ke nan, mita 17. Me aka nuna? Ma'aikata suna fitowa daga masana'antar gidansu a Lyon, ana ba jariri abinci, mutane suna wanka a teku. Mutane sun biya kuɗi ne don su ga hoto yana motsi, kuma wannan kaɗai ya ishe su mamaki.

Sai dai a cikin goman nan akwai ɗaya da ya fita daban. Mai lambu yana ban ruwa da tiyo. Wani yaro ya lallaɓo ta baya ya taka tiyon, ruwa ya ɗauke. Mai lambu ya juyo bakin tiyo yana leƙawa don ya ga abin da ya toshe, yaro ya ɗage ƙafa, ruwa ya fesar masa a fuska. Ya bi yaron da gudu, ya kamo shi, ya ba shi kashi. Ka lura da abin da ya faru a nan: mai kallo ya san abin da mai lambu bai sani ba, don haka tun kafin ruwan ya feso yana jiran sa. Wannan jiran shi ne ƙashin bayan labari, kuma bai buƙaci kalma ba.

Matsalar ta taso ne da aka so ba da labarin da ya fi ƙarfin wuri ɗaya da minti ɗaya. Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne a wani gidan wasa na Paris, ya gina ɗakin ɗaukar fim na gilashi a Montreuil a 1897, ya yi finafinai sama da 500. Fim ɗinsa na tafiya duniyar wata, na 1902, yana da fitowa da yawa a jere. Amma kyamararsa a kafe take wuri guda daga nesa, tana kallon 'yan wasa tun daga kai har ƙafa. Kuma ga wani abu da za ka so ka duba da idon mai tacewa: kumbon ya sauka a wata sau biyu. Da farko ya soki idon wata, wanda aka yi wa fuska irin ta mutum, sannan a fitowa ta gaba aka sake nuna shi yana sauka a ƙasar watan. A Amurka ma Edwin S. Porter ya yi irin haka a fim ɗinsa na ɗan kwana-kwana na 1903: an nuna ceton mace da ɗanta daga cikin ɗaki har ƙarshe, sannan aka koma aka sake nuna ceton daga waje tun daga farko. Ba rashin basira ba ne. Ba a riga an yarda cewa mai kallo zai iya haɗa ciki da waje a ƙwaƙwalwarsa ya ɗauke su lokaci guda ba.

A ganina, waɗanda suka fi cancantar yabo wajen warware wannan ƙulli, kuma aka fi mantawa da su, 'yan Ingila ne na yankin Brighton. A 1900 George Albert Smith ya ɗauki yaro yana wasa da gilashin karatun kakarsa. Sai a nuna yaron ya ɗora gilashi a kan abu, a yanke, a nuna abin ya cika allo: cikin agogo, tsuntsu a keji, idon kakar yana juyawa. Ka ga mai kallo, ka ga abin da yake kallo. Duk lokacin da ka yanka daga fuskar jaruma zuwa wayar da ke hannunta, aikin Smith kake yi. Maƙwabcinsa James Williamson kuma a 1901 ya jera wurare: ɗan sanda ya hango gobara, ya ruga ofishin 'yan kwana-kwana, keken ruwa ya fito, aka shiga ɗakin da ke cin wuta.

Wanda na fi so ka tsaya a kansa shi ne Rescued by Rover na 1905, daga kamfanin Cecil Hepworth na Ingila. Wata mabaraciya ta sace jaririya. Karen gidan ya tsallake ta taga, ya miƙe titi, ya yi iyo ya haye rafi, ya bi ƙofofin wata unguwa ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda yarinyar take. Sai ya juyo ta hanyar da ya bi, rafi, titi, taga. Sannan ya ja maigidan suka sake bin hanyar, shi maigida ya haye da kwalekwale. Da yake an kiyaye jerin wuraren da inda karen ya dosa a kowane yanka, kafin tafiya ta uku mai kallo ya haddace hanyar. Jarumin fim ɗin ko magana ba ya yi, amma babu wanda ya ɓace. Fim ɗin ya samu kasuwa har ainihin zaren ya lalace saboda yawan buga kwafi, sai da aka sake ɗaukarsa sau biyu.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. The Great Train Robbery na Porter, labarin 'yan fashin jirgin ƙasa na kimanin minti 12, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa labari ya fi kawo kuɗi. A 1905 aka buɗe ƙaramin gidan kallo da ake shiga da santi biyar a birnin Pittsburgh, irinsa suka bazu a Amurka, kowanne yana neman sabon fim kowane mako. D. W. Griffith ya yi gajerun finafinai sama da 400 a kamfanin Biograph tsakanin 1908 da 1913, ya kuma goge dabarar yanka tsakanin wurare biyu: uwa da 'ya'yanta sun kulle kansu a ɗaki ɓarayi na fasa ƙofa, miji yana tahowa a guje, ana ta kai-komo tsakaninsu, yankan na ƙara gajarta. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, ko da yake ya yi iƙirarin haka. Kuma da wannan gwanintar ce ya yi The Birth of a Nation a 1915, fim ɗin da ya wulaƙanta baƙar fata ya ɗaukaka 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu yi wa baƙar fata ta'addanci a Amurka. Ban yarda a koyar da fasaharsa a rufe baki a kan wannan ba.

Wani abin kuma, zauren kallon ba shiru yake ba. Akwai mai kaɗa fiyano, a manyan gidaje har ƙungiyar makaɗa. Ana sako rubutu a allo tsakanin fitowa da fitowa. A wurare da dama akwai mai bayani tsaye gefen allo, a Japan ma ana kiran su benshi, wasunsu sun fi 'yan wasan suna. Dattawan da suka kalli majigi a ƙofar fada zamanin Turawa sun san wannan tsari, domin akwai mai fassara da lasifika yana bayyana abin da ke gudana.

Game da wanda ya fara, ba mutum ɗaya ba ne. Idan labari mafi ƙanƙanta ake nufi, mai lambun Lumière yana sahun gaba. Idan kuwa wanda ya riƙe shirya labari a matsayin sana'a ne, dole a ambaci Alice Guy, sakatariya a kamfanin Gaumont na Faransa wadda ta zama shugabar sashen shirya finafinansa har kusan 1907, daga baya ta kafa nata kamfanin, Solax, a Amurka a 1910. Dogon fim na farko, mai sama da awa ɗaya, daga Ostiraliya ya fito a 1906, labarin ɗan fashi Ned Kelly. Indiyawa kuma, da muka saba da finafinansu, sun shigo a 1913 da Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke, inda namiji ya fito a matsayin sarauniya. Abin takaicin shi ne yawancin aikin zamanin ya salwanta, don zaren fim ɗin yana ruɓewa kuma yana saurin kama wuta. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace gaba ɗaya.

Tunda tacewa kake koyo, ga aiki. Nemo fim ɗin karen nan, bai wuce minti bakwai ba. Ka kashe kiɗan da aka ɗora masa, ka tsayar da shi a kowane yanka, ka rubuta ta ina karen ya shigo hoto, ta ina ya fita. Sannan ka ɗauko wata fitowa da kake tacewa yanzu, ka rufe sautinta, ka nuna wa wanda bai karanta labarin ba, ka tambaye shi wa ke neman me, kuma a ina kowa yake tsaye.