Tambaya da Amsa: Hajiyarmu ta sake faɗuwa a bayi

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti Nas, dan Allah a taimaka min da shawara. Kakata ce, ta haura shekara 70, ta faɗi a bayi da asuba ta je alwala, karo na biyu kenan tun bayan ƙaramar sallah, na farko goshi ta fasa, yanzu kuma ƙugu ne ya bugu ta kasa taka ƙafar hagu. Kawunnaina sun ce iska ce a kira mai ruƙiyya da maɗori, ni dai hankalina bai kwanta ba don tana shan maganin hawan jini kuma ta daɗe tana cewa jiri na ɗibarta. Ya zan yi?
Jikar Hajiya, Rafin Daɗi, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Addu'a kam a yi, ba mai hanawa, amma ƙafar nan da ta kasa takawa kar a bari kowa ya ja ta ko ya murza sai an ɗauki hoto. Tsohuwa in ta faɗi ta kasa miƙewa abin da muke fara tsoro karayar ƙugu ce, saboda mata bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu na yin rauni, faɗuwar da jikanta zai tashi ya karkaɗe riga ita sai ta karye. Duba ki gani ko ƙafar ta ɗan gajarce ko tafin ya juya waje. Irin wannan karayar tana can ciki, karan ɗori ba ya kama ta, yawanci sai tiyata. Ku kai ta Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya yau ɗin nan, a kwance, ba a kan mashin ba.

Kin san me ke kayar da tsofaffin da suka karye a ƙarshe? Doguwar kwanciya. Gyambon kwanciya, ciwon huhu, jini ya daskare a ƙafa, ga tsoro, ta daina fita ko gidan suna, ƙafafu su ƙara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 abin ya fi ɗauka.

Toh maganar jirin nan ita ce ta fi tsaya min. Mutum ya kwana a kwance ya zabura ya miƙe jin kiran sallah, jini sai ya sauka, ido ya yi duhu, balle mai shan maganin hawan jini, wasu magungunan ma na sa yawan fitsari. Shi yasa kike jin tsoho ya faɗi a bayi da asuba, mu kuma mu ce mutanen ɓoye ne. Kar ta daina maganin da kanta fa, ku kwashe duk ƙwayoyin da take sha a leda har na kemis da na gargajiya ku nuna wa likita, a auna jininta a kwance da a tsaye, a duba suga, a duba ido ko akwai yana. Ki faɗa masa zancen goshin nan ma, don jini kan taru a kai a hankali, sai bayan makonni a ga tsoho na ruɗewa ko yawan barci. In kuma baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a yi asibiti da gudu.

In ta dawo gida ku dubi bayin nan da kyau, tayil mai santsi da ruwan sabulu da tsohon silifas da ya suɗe, ga duhu in ba wuta. A kankare gansakuka, a kafa mata ƙarfen dafawa a bango, a ajiye kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi ta riƙa alwala a zaune, tocila kuma a gefen filo. In ta farka ta zauna bakin gado kamar minti ɗaya tukunna ta miƙe. Sanda kuwa na san za ta ce ita ba ta tsufa ba, ku lallaɓa ta, ko jikan da ta fi ji da shi ya kai mata.