Ga ƙaninmu na Marwa mai shirin zuwa Turkiyya dashen gashi

Assalamu alaikum. Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce shekarunka 27, gashin goshi ya ja baya, tsakiyar kai ta fara haske, aurenka bayan Babbar Sallah, kuma wani ya yi maka tayin zuwa Istanbul dashe, jirgi da otal da asibiti duk a kuɗi ɗaya. Kana tambaya ka tafi ne ko ka fara gwada mayuka. To ni na tafi, daga nan Garwa, don haka ka ba ni aron kunnenka. Kar ka ba kowa ko dala yanzu.

Shekarunka su suka fi ɗaga mini hankali. Mai 27 gashinsa bai gama zuba ba, bai ma san inda zubar za ta tsaya ba. Likitan fata da na gani a Yawunde bayan aikin gama ya gama shi ya zaunar da ni ya warware mini. Sanƙon namiji gado ne, ko ta wajen uba ko ta wajen uwa, ka dubi kawunnanka za ka gane. Akwai wani sinadari a jikin kowane namiji da ake kira DHT, daga sinadarin mazantaka yake fitowa, shi ke bin saiwar gashin gaba da na tsakiya yana ƙanƙantar da ita, gashin ya riƙa fitowa siriri kuma gajere har wata rana ya daina. Gashin ƙeya da na gefe bai cika jin wannan sinadarin ba, shi ya sa daga can ake cirowa a dasa a gaba. Kai ɗan Marwa ne, ka san dashen muskuwari, dawar nan ta rani: abin da ke wurin rainon iri shi ke gare ka, in ka tuge ka kai karal, wato gonar lakar da ake dasa ta, ba wani zai tsiro a gurbinsa ba. Haka ƙeyarka take. Likitan ya ce abin da za a iya cirowa a ƙeyar mafi yawan maza duk tsawon rayuwarsu bai wuce saiwa 6,000 zuwa 8,000 ba. In aka cika maka goshi yau, na bayansa ya ci gaba da zuba, bayan 'yan shekaru sai ka ga tsibirin gashi a gaba, fili a baya, ƙeya kuma an riga an yashe ta.

Ni wanda ya kai ni ba baƙo ba ne. Ɗan unguwarmu ne, yana zuwa Istanbul saro atamfa da jallabiyoyi da takalma, mun ci abinci kwano ɗaya da shi, matarsa da tawa suna zumunci. Shi ya riƙa nuna mini hotuna a waya, ga mutum kafin, ga shi bayan. Duk hotunan Larabawa ne da Turawa, babu baƙar fata ko ɗaya, kuma da na tambaya sai ya ce ai kai kai ne, gashi gashi ne. Ya rantse mini da Allah cewa babban farfesa ne zai yi aikin da hannunsa. Na sayar da fegina na haɗa masa sefa miliyan 2 da ɗoriya. Farfesan nan na gan shi, gaskiya, ya shigo ya zana mini layi a goshi da alƙalami, ya daki kafaɗata ya fita, ko shayin da aka kawo mini bai huce ba. Waɗanda suka yi aikin 'yan mata ne da wani saurayi, suna hira da yarensu suna dariya, ɗaya na amsa waya, ni ina kife tun safe har bayan la'asar. A ɗakunan da ke kusa ma haka ake yi wa wasu, layi-layi. Shi kuwa mutumina yana kasuwa yana sayayyarsa. Daga baya na ji cewa kowane kai da ya kai musu akwai la'adarsa, kuma a kuɗina ya biya kuɗin dakon kayansa na jirgi. Har yau muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure da jana'iza, ya miƙo mini hannu yana Alhaji yaya gida, ko kunya babu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma kar wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan yana mini wa'azin yafiya, ba kansa aka huda ba.

Abin da bai faɗa mini ba, wataƙila shi ma bai sani ba, gashinmu a lanƙwashe yake har cikin fata. Na Bature saiwarsa a miƙe take, ƙarfen hudawa ya bi ta ya ciro ta lafiya. Namu in mai aikin bai saba da shi ba, sai ya yanke saiwar biyu, ta mutu a banza, ga rami ya bari. An rubuta mini a takarda cewa an dasa saiwa 4,500. Abin da ya tsiro, in na yi musu adalci, bai kai rabi ba.

Na dawo Garwa a watan Maris, ka san yadda garin nan yake a lokacin, zafi ya haura 40, ga ƙura. An ce kar rana ta taɓa kan, kar gumi, kar hula mai matsewa. Ta yaya, a Garwa? Goshi ya kumbura har ya sauko idanu, yarana suka ƙi zuwa kusa da ni. Sannan ƙeyar ta fara ƙuraje, ta fara ruwa, matashin kai kullum da safe sai an canza masa riga, ga wari. Na tura hoto ga lambar asibitin, suka ce ba komai, in wanke da sabulun da suka ba ni. Na sake turawa, shiru. Na kira mutumina ya ce yana Duwala yana fitar da kaya, zai kira, har yanzu yana kira. Sai wani likita a nan ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ruwan ya tsaya, amma tabon ya zauna, wasu wuraren suka taso suka yi tauri. Ranar da ba zan manta ba wata Juma'a ce. Na tsuguna alwala cikin jama'a, na cire hula zan yi shafar kai, sai wani yaro da ke bayana ya ja rigar babansa ya ce da ƙarfi, Baba, wannan wuta ce ta ƙone shi? Uban ya buge masa baki, mutane suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba, wannan shirun ya fi maganar yaron ciwo. Na mayar da hula a kan jiƙaƙƙen kai, na yi sallah ban san me liman ya karanta ba. Na dawo gida na kulle ɗaki, ni da gemuna, na yi kuka. Tun daga ranar a gida nake alwala kafin in fita. Da can mai sanƙo ne ni kawai, ana tsokanata ana ce mini sanƙo alamar arziki, ina dariya. Yanzu ko askin ƙwal-kwabo ba zan iya ba, don shi ke tona komai. Ina ta tunanin ranar da Allah zai kira ni Makka, aski bayan jifa, gaban dubban mutane.

Wannan tabon mai tasowa, likitoci suna ce masa keloyid, ya fi kama baƙar fata. Ka duba jikinka da kyau: wurin allurar rigakafi a dantse, tsohon yanka, ƙirji, ko kunnen 'yan'uwanka mata da aka huda. In akwai inda tabo ya taɓa tasowa ya yi ƙulu, ko kana da ƙurajen ƙeyar nan da ke fitowa bayan aski su ƙi warkewa, to maganar dashe ka ajiye ta gefe sai likitan fata ya duba ka ido da ido. Kuma don Allah ka sayi injin askinka, ka riƙa tafiya da shi wurin mai aski.

Maganar mayuka kuwa, na ga a amsoshin sama an ce maka tafarnuwa, albasa, man habbatus sauda, wani ma ya ce shebe na Chadi. Shebe matan Chadi ke kwaɓawa da mai su shafa a jikin gashi don kar ya karye, shi ya sa nasu ke tsawo. Gashin da ke nan yake kiyayewa, ba ya tayar da saiwar da ta mutu, wanda ke sayar wa maza shi da sunan maganin sanƙo a Kusiri cin kasuwarsa kawai yake. Tafarnuwa kuma ƙona fata take yi, na ga wanda ta sale wa goshi. Hula ma ba ta kawo sanƙo, a daina ɗora mata laifi.

Akwai magani biyu da aka tabbatar suna aiki. Na farko minoksidil, ruwa ne ko kumfa, na maza mai kashi 5 cikin 100, ana shafawa safe da dare a fatar kai, ba a kan gashi ba. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shansa gashi na fito musu, a 1988 Amurka ta amince a riƙa shafa shi don sanƙo. A makonnin farko zubar na iya ƙaruwa, kar ka tsorata ka jefar, sai wata 4 zuwa 6 ake ganin bambanci. Yana iya sa ƙaiƙayi da amosani. Na biyu finasterid, ƙwaya ce miligiram 1 a rana, ita ke rage DHT ɗin nan, tun 1997 ake ba da ita don gashi. Ita ta fi ƙarfi wajen tsayar da zuba, amma tunda aure za ka yi dole in faɗa maka: kamar mutum 2 cikin 100 kan samu raguwar sha'awa ko rauni wajen iyali, yawanci ya wuce in an daina, wasu kuma sun yi ƙorafin bai wuce musu da wuri ba, wasu na samun ƙuncin zuciya. Kar mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, tana iya cutar da ɗa namiji a ciki, ka ajiye wannan a ranka tunda amarya na tafe. Duka biyun ranar da ka daina, cikin 'yan watanni zuwa shekara guda gashin ya koma inda da zai kasance. Ni minoksidil nake shafawa har yanzu, ya riƙe mini tsakiyar kai daidai gwargwado. Kuma a farmasi za ka saya da takardar likita, ba wurin masu shimfiɗa magani a rana bakin kasuwa ba, jabu ya yi yawa.

Amma kafin ma magani, ka tabbatar sanƙon gado ne. In zubar zagaye-zagaye take kamar kwabo, ko da ƙaiƙayi da ɓawo irin na makero, ko ta zo gaba ɗaya bayan zazzaɓi mai tsanani ko taifot, wannan wani abu ne daban, maganinsa daban, sau da yawa ma gashin kan dawo. Likitocin fata ba su da yawa a Arewacin Kamaru, na sani. In ta kama ka sauka Gaundare ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, ka yi, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da mutumin nan ke nema a wurinka ba.

Ba na cewa dashe haramun ne ko duk ƙarya ne. Na tambayi malaminmu kafin in tafi, ya ce gashinka ne aka mayar maka, neman magani ne, ya bambanta da ƙarin gashin wani, har ya kawo hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da a cikinsu akwai mai sanƙon da aka mayar wa gashi. Kuma na san wani ɗan kasuwa a Injamena da nasa ya yi kyau, sai dai shi ya haura 40, zubarsa ta tsaya, ya daɗe a kan magani, kuma likitan da ya yi masa ya nuna masa aikin da ya yi wa baƙar fata. In wata rana ka kai nan, ka nemi sunan wanda zai riƙe ƙarfen, mutum nawa yake yi wa a rana, da wanda zai duba ka in ka dawo gida abu ya ɓaci.

Ko da ma komai ya tafi daidai, lissafin bikinka bai fita ba. Gashin da aka dasa zubewa yake cikin makonnin farko, sai wata na 3 ko na 4 ya fara tsirowa, cikarsa shekara guda. Wato ranar ɗaurin aure kanka zai fi na yau muni. Ita yarinyar ka taɓa cire hula a gabanta kuwa? Tawa da na sayar da fegi ba ta ce komai ba, sai da take wanke mini ƙeya da ruwan ɗumi ta ce ita dai ba ta taɓa cewa sanƙona ya dame ta ba, kuma fegin nan da shi muka ci burin gina wa yara. Har yau haya muke biya a Garwa.

Shi wanda ya yi maka tayin, ka tambaye shi nawa asibitin ke ba shi a kan kowane mutum, ka kalli fuskarsa. In ya ce sai ka ba da kafin alƙalami a wannan makon don rangwame zai ƙare, ni ma haka aka ce mini. Ka ɗauki hoton goshi da tsakiyar kai da ƙeya cikin hasken rana ka turo mini ta gefe, ni ma zan turo maka tawa ƙeyar ka gani da idonka, ba zan sa ta a nan ba.