Tambaya da Amsa: Me ya sa lissafinmu ya ƙi kai 9.8?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An sa mu saki ƙwallon ƙarfe daga tsayin mita 2, mu auna lokacin faɗuwarsa da agogon hannu, mu fitar da g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara wa abu gudu. Sau biyar muka yi, kullum muna samun kusan daƙiƙa 0.75, lissafi ya ba mu 7.1 maimakon 9.8 da ke cikin littafi. Abokaina sun gyara lambobinsu. Ni ma in gyara? Daga wani ɗalibin sakandare.

Amsa: Ɗana, kada ka taɓa lambobin nan. Su ne za su nuna maka inda gizo ke saƙa.

Ƙwallon da aka saki daga mita 2 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa 0.64. Kai ka samu 0.75, ratar 0.11 ke nan kacal, alhali tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna, mutum kan ɓata kusan 0.2. To, ka dubi ƙa'idar fitar da g: tsayi sau biyu, a raba da lokaci sau lokaci. Tunda lokacin yana ninka kansa, kuskurensa ma haka: kashi 10 cikin ɗari a agogo kan zama kusan kashi 20 a amsa. Nan 9.8 ɗinka ta zube.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne duk awonku biyar sun karkata gefe ɗaya. Da wasu sun haura 0.64 wasu sun gaza, da na ce rawar hannu ce, matsakaicin awo da yawa zai rage ta. Amma kuskuren da ke bin hanya ɗaya, ko sau ɗari ka maimaita yana nan. Zatona mai agogo yana dannawa da jin "saki" kafin yatsu su buɗe, ko kuma sai ya ji ƙarar ƙwallon a ƙasa ya tsayar. Ka duba tsayin ma: daga ƙasan ƙwallon ake aunawa, ba daga samansa ba.

Wurin da kuke ba shi da laifi, don a doron duniya g tana tsakanin 9.76 da 9.83 ne kawai. Iska ma ba ta hana ƙarfe sosai a mita 2. Takarda da gashin tsuntsu take riƙewa. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Galileo ma bai da agogon da zai kama faɗuwa, shi ya sa ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangare don lokacin ya yi tsawo. Ku ari dabararsa ta tsawaita lokaci, amma ku fitar da g da lilo. Ku rataya ƙaramin ƙarfe da zare mai tsawon mita 1, a auna har tsakiyar ƙarfen, ku ɗan ja shi gefe kaɗan ku saki. Zuwa da dawowa ɗaya kusan daƙiƙa 2 ne. Ku ƙirga 20, kusan daƙiƙa 40 ke nan, jinkirin yatsa sai ya zama ba komai. In kuwa dole sai faɗuwar, ku ɗauki bidiyo da waya: mai hoto 30 a daƙiƙa za ta ba ku hotuna kusan 19.

Ka kai wa malaminka 7.1 ɗinka, ka rubuta dalilin a ƙarƙashinta, sannan ka roƙi a ba ku zare ku sake.