Amsa: ina zan samu wuraren ɗaukar hoto a Istanbul?

Ɗan'uwa barka, tunda ka ce wannan ne fitarka ta farko waje kuma Istanbul za ka, kana tambayar inda za ka ɗauki hotuna masu kyau, to shawarata ka riƙa fita da sassafe. Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya 6 da masallacin Aya Sofiya suna kallon juna ne, fili ɗaya ne a tsakaninsu, in ka yi sallar asuba a wurin ka jira gari ya waye za ka same su ba cunkoso, amma da hantsi ya ɗaga wallahi kawunan mutane kawai za ka ɗauka.

Wanda na fi so dai shi ne masallacin Sulaimaniyya. Yana kan tudu, ka zagaya ta bayansa wajen katangar nan, ruwa da jirage da hasumiyar Galata duk kana hango su, kuma ba a biyan ko sisi.

Sannan kar ka ɓata kuɗi a jirgin 'yan yawon buɗe ido, sayi Istanbulkart, katin biyan kuɗin sufuri na garin, ka hau jirgin ruwan da mutanen gari ke hawa daga unguwar Eminonu zuwa Uskudar da ke tsallaken ruwa dab da magariba, ka zauna ta baya, tsuntsaye na bin jirgin rana na faɗuwa a bayan masallatai.

Don Allah kar ka ɗauki masu sallah ko mata ba ka tambaya ba, sojoji da 'yan sanda kuwa ko kusa. Ka tafi da power bank, sanyi na cinye caji sosai.