Muryar Yaya kan tambayar "at large"

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar hon, ina cikin cunkoson Nyanya ne. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai kin ga jarida ta rubuta "the suspects are still at large", ko manyan mutane ne ake zargi? Wallahi sai da na yi dariya. Babu maganar girma a nan. Ana nufin har yanzu ba su shiga hannu ba, suna can suna yawonsu. Ku tuna lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, fursunoni fiye da 800 suka fice. Fashin shi ne "jailbreak". Waɗanda aka sake kamowa "recaptured", ragowar kuma su ne "at large" ɗin.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne "flee" da "escape". Mu duk gudu muke cewa, amma Bature ya raba su. "Flee" shi ne ka ga masifa ta tunkaro ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ko ka sha ko ba ka sha ba, wannan ba ruwan kalmar. "Escape" kuwa ka kuɓuta ke nan, ko daga ɗauri ko daga haɗari. Shi ya sa za a ce ɓarawo "fled", amma aka cafke shi a bakin kasuwa. Ya gudu, bai tsira ba. Don Allah kuma kada wanda ya rubuta mini "fleed" a jarrabawa, "fled" ne.

"Abscond" na mai sulalewa ne a ɓoye, galibi da kayan mutane, irin mai adashin da za a wayi gari a ga ɗakinta da kwaɗo. In kuma beli aka ba mutum ya ƙi dawowa kotu, "jump bail" ake cewa. Haka Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ya yi a 2020, har kotu ta tura Sanata Ali Ndume Kuje saboda shi ya tsaya masa, kafin a kamo Maina a Nijar.

Sai abin da ya ƙwace. Tirela ta gangaro Hawan Kibo birki ya tsinke, "runaway truck" ke nan, kuma da wannan kalmar suke kwatanta farashin da ya ƙi tsayawa, "runaway inflation". Turmutsutsu "stampede". Wanda ya haukace ya hau kan jama'a, "run amok" suke cewa, kuma "amok" ɗin ma aro ce daga harshen Malay, ba tasu ba ce.

To hanya ta buɗe, na baya na ta danna mini hon. Sai na isa gida.