Riƙe hannun mara lafiya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Wai agogon hannunki yana ƙirga bugun zuciya, to me ya sa mu tsofaffi idan mun je dubiya sai mun kama wuyan hannun mara lafiya, al'ada ce ko awo? Na yi dariya har gwaggonki ta leƙo. Daga baya kuma na yi shiru, don ba na jin lafiya lau ce ta sa kike duba agogon nan dare da rana.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta san ƙirga komai ba. Cewa take yi, dubiya da baki gaisuwa ce, sai an taɓa jiki ake sanin an zo. Zafi take nema, da sanyin tafin hannu.

Ni kuwa sai da na fara aikin asibiti na san jijiya tana magana. Akwai wata yarinya da aka kawo daga ƙauye a kan jaki, ba ta fi shekara 14 ba, tana haki, ƙafafu sun kumbura. An yi mata ƙaho, an sha rubutu. Tsohon likitanmu bai ce uffan ba. Ya kama hannuna ya ɗora a wuyan hannunta, sannan ya ɗaga hannun nata sama da kanta. Wallahi har yau ina jin abin a yatsuna: bugu ɗaya mai ƙarfi kamar an sa taɓarya, nan take ya ɓace, sai wani ya sake zuwa. Ya ce min zuciya ƙofofi 4 gare ta, ta yarinyar nan wadda jini ke fita zuwa jiki ba ta rufuwa, sai jinin ya tafi ya komo da baya. Ya ce wani likitan Ailan, Corrigan, ya bayyana wannan tun 1832. Da ƙofar tsukewa ta yi, in ji shi, da bugun a hankali zai taso, ba ƙarfi.

Sai ya tambayi uwar ko yarinyar ta sha ciwon maƙogwaro. Ta ce sosai, har wanzami ya cire mata beli, bayan nan gwiwoyi suka yi ta ciwo. Likita ya sunkuyar da kai. Ciwon maƙogwaron da maganin fenisilin zai kashe tun farko, shi ne ya gangara ya ci ƙofar zuciya. Aka sa ta a kan allura duk wata. Uban ya kawo mana zabi biyu.

Ku yanzu kuna shiga ɗakin mara lafiya, ido na kan waya, ku ce sannu daga bakin ƙofa ku fita. Agogonki zai ƙirga miki bugu 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wataƙila ya gane in bugun yana tsalle, amma ciwon ƙofar zuciya sai an saurari ƙirji an yi hoton zuciya.

Ranar Juma'a ki biyo ta gida in ji hannun nan naki. Ki taho min da goro.