Agogon bango da wilin keke: yana tsayawa a saura kwata, ni kuma ina kwana da zazzaɓi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni yaro ne mai koyon walda a Agege da ke Legas, shekarata biyu a hannun maigidana. Wata huɗu da suka wuce na fara haɗa agogon bango da tsoffin kayan keke, wato rim da sarƙa da firiwil, ina sayar wa masu shagon aski da masu gidan abinci. Na yi guda biyar, an dawo min da biyu, wai da zarar dogon hannu ya kai saura kwata sai ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya. Na canza batir har sau uku. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk ranar da na yi waldar sifok da rim, da daddare sai zazzaɓi da rawar sanyi su rufe ni, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Maigidana ya ce in riƙa shan madara gwangwani ɗaya bayan aiki, tana wanke hayaƙin. Ina sha, amma abin bai daina ba. Mahaifiyata a gida har ta fara cewa ko hannu aka sa min. Ina jin tsoro, Baba. In bar sana'ar ne?

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Kada ka bar sana'ar, kuma yau ɗin nan ka buga wa mahaifiyarka waya ka kwantar mata da hankali. Babu wanda ya sa maka hannu. Abin da ke damunka yana da suna, an san sababinsa, kuma maganinsa yana hannunka. Bari in fara sallamar agogon, don shi ne mai sauƙi.

Ka daina ɓarnar kuɗi a kan batir. Tunda ka ce a saura kwata yake tsayawa, injin ne ya yi wa hannun ƙanƙanta. Ƙaramin injin da ake sayarwa a ko'ina an yi shi ne don siririn hannun alminiyam da bai wuce santimita 12 zuwa 15 ba. Rim ɗin keke mai lamba 26 kuwa faɗinsa ya haura rabin mita, kuma na tabbata sifok ka lanƙwasa ka yi hannu da shi don ya kai bakin rim. Daga 12 zuwa 6 nauyin hannun yana taimakon injin, gangara ce. Daga 6 ya fara hawan tudu, idan ya iso 9 ya kwanta a miƙe, a nan nauyinsa ya fi danne haƙoran injin, waɗanda na roba ne. Shi ne rawar da suka gani. Ka shiga kasuwar Idumota ka nemi injin da 'yan kasuwa ke kira hai-tok, wato mai ƙarfin juya dogon hannu, ka sayo shi tare da hannayensa na alminiyam. In ka nace sai hannun da ka ƙera da kanka, to ka bar masa gajeriyar wutsiya a bayan cibiya, ka maƙala mata ɗan nauyi har sai hannun ya daidaita idan ka ɗora cibiyar a kan yatsa.

Ka kuma duba ko hannayen suna gogar juna ko suna taɓa sifok. Sannan injin nan akwai ɗan maganaɗisu a cikinsa, shi ke juya komai. Idan ka ajiye shi a tebur ɗaya da inda kake giranda, garin ƙarfe zai shige ya manne masa ya kashe shi. Injin shi ne abu na ƙarshe da ake ɗaurawa, bayan an gama guga da fenti, an share wuri.

In za ka je kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin ko wajen 'yan gwangwan neman rim, ka tsaya ka ƙirga ramukan sifok. Mai rami 36 ka ɗauko, domin kowane rami na uku awa ɗaya ne, ba ka buƙatar awo. Mai 32 ba ya rabuwa gida 12, zai ba ka wahala a banza.

Yanzu maganar madara. Ɗana, na gaji da wannan magana. Daga Agege zuwa Mile 12 zuwa Alaba Rago, babu rumfar waldar da zan shiga ban tarar da wani babba yana gaya wa yaronsa ya sha madara ba. Bahaushe yana faɗa, Bayarabe yana faɗa, Inyamuri yana faɗa, kowa ya gada daga wanda ya koya masa, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ta ina madarar za ta bi. Hanyar numfashi daban, hanyar abinci daban. Hayaƙi ya bi ta maƙogwaro ya sauka huhu. Madara ta bi ta nata bututun ta sauka ciki. Ba su haɗu ba, kuma ba za su haɗu ba ko katan guda ka shanye. Ranar da madara ta kuskure ta shiga hanyar huhu, ai ƙwarewa ka yi, tari za ka yi ta yi har da hawaye. To ta yaya abin da huhu ba ya karɓar ko ɗigonsa zai wanke huhu?

Ba rashin mutunci nake yi wa maigidanka ba. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ma haka aka gaya masa. Amma kyakkyawar niyya ba ta tace hayaƙi. Illar wannan camfi ita ce yana cire wa mutum tsoro. Yaron da aka ce masa gwangwani ɗaya yana goge aikin yini zai sunkuya ya cusa fuskarsa cikin farin hayaƙi ba fargaba, tunda a ganinsa akwai magani a shagon mai shayi. Da ba a gaya masa haka ba, da ko hancinsa ya sa shi ja da baya.

Ga abin da ke faruwa da kai. Yawancin sifok na kekunan da muke samu an shafe su da tutiya, irin ruwan da ke jikin kwanon rufi, don kada su yi tsatsa. Tutiya tana tafasa ta zama tururi a zafin digiri 907, ƙarfe kuwa sai ya kusa 1,500 kafin ya narke. Ka ga tun kafin waldarka ta kama, tutiyar ta riga ta tashi. Ita ce farin hayaƙin nan mai kauri, ita ce farin garin da kake gani a gefen walda. Idan ka shaƙa, ba ka jin komai nan take. Sai bayan wasu awanni, yawanci da ka koma ɗaki ka kwanta, zazzaɓi ya zo da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi da ƙishirwa da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Likitoci suna kiransa zazzaɓin hayaƙin ƙarfe. Yana sauka da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan ne camfin ya samu gindin zama: mutum ya sha madara da daddare, ya tashi da safe da sauƙi, sai ya ce madara ta yi aiki. Wanda bai sha ba shi ma da sauƙin ya tashi.

Wasu kuma za su ce maka jiki yana sabawa, su da suka daɗe ba sa jin komai. Gaskiya ne idan mutum yana shaƙa kullum zazzaɓin yakan lafa a tsakiyar mako, amma da ya huta kwana biyu ya dawo aiki sai ya sake kama shi. Kuma lafawar zazzaɓi ba ta nufin huhu ya tsira. Sheƙin nan na rim ɗin ƙarfe ruwan kurom ne a kan nikel, hayaƙinsu ya fi na tutiya muni nesa ba kusa ba, kuma shi ba ya aiko maka da zazzaɓi don ya gargaɗe ka. A hankali yake aikinsa, shekara da shekaru. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Ni na binne abokan sana'a da suka ƙare rayuwarsu ba sa iya hawa matakalar masallaci sai sun tsaya sun huta, kuma kowannensu ya sha madarar da ta ishe shi.

Sai kuma masu kemis na lungu, waɗanda suka fi ba ni haushi. Yaro ya je yana rawar sanyi, ba a tambaye shi wane aiki yake yi ba, ba a ɗebi jininsa ba, sai a haɗa masa maganin maleriya da ƙwayoyi kala huɗu a leda. Mako mai zuwa ya sake walda, ya sake dawowa, a sake sayar masa. Legas gari ne na sauro, maleriya tana nan, ban ce ka raina zazzaɓi ba. Ka je asibiti a yi maka gwaji, ka gaya wa likita da bakinka cewa kana waldar ƙarfe mai tutiya da kurom, kuma a daren aikin ne abin ke zuwa. Idan kuwa numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, kada ka jira gari ya waye.

Mu da muke da yara a hannunmu, mu ji tsoron Allah. Iyaye sun ɗauko ɗansu daga Arewa sun damƙa mana amana don ya koyi abin da zai ci abinci. Kuɗin madarar wata ɗaya ko biyu ya isa a fara tara na takunkumin kirki. Za a tambaye mu a kan waɗannan yara.

Abin da zai ba ka mamaki, wannan agogo ba ya buƙatar walda ko ɗigo ɗaya. Sifok da notinsa yake ɗaure a rim tun daga kamfani, ka bar shi yadda yake. Firiwil da farantin sarƙa ka huda ka ɗaure da ƙananan kusoshi masu noti ko ribit. Sarƙa da fil ɗinta ake rufe ta, in kana so ta tsaya a zagaye ka bi bayanta da gam mai haɗi biyu. Injin kuma ka ɗora shi a kan ɗan faranti a gaban hob, wato cibiyar wilin, tunda sandarsa gajera ce ba za ta ratsa hob ba. Aikin ma ya fi fita tsaf, domin wuta tana ƙona sheƙin kurom ta bar baƙin tabo, kuma daga tabon nan tsatsa ke farawa. Idan wani aikin ya tilasta maka walda, ka goge tutiyar daga wurin tukuna, ka yi a fili inda iska ke kaɗa hayaƙin gaba, ka kawar da kanka daga samansa, ka sa takunkumi mai matata da aka rubuta P3 ko P100 a jikinta. Hankici da takunkumin asibiti ba sa tare wannan hayaƙi.

Ban sani ba ko kana cikin masu jiƙa sarƙa a fetur su cinna mata wuta don giris ya ƙone. In kana yi, ka daina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske risho ko janareta a tsakar gidan haya. Kananzir da tsohon buroshi sun isa, a waje, sannan ruwan zafi da omo, ka shanya ta bushe ƙayau.

Iskar Legas da danshi da gishirin teku ba sa raga wa ƙarfe, saboda haka ranar da ka wanke, ranar za ka fesa farin banish, shafi biyu, kada ka bari ya kwana tsirara. Wajen ratayewa kada ka yarda da ƙusa, bulo yana sakinta. A huda bango a sa roba da sukuru, a rataye ta jikin rim.

Guda biyun da aka dawo maka, ka canza musu inji, ka rataye su a ɗakinka kwana biyu cur kana gwada su da agogon wayarka safe da yamma, sannan ka mayar wa masu su ba tare da ka karɓi ko kwabo ba. Ka rubuto min bayan ka dawo daga asibiti, ina son jin abin da gwajin ya nuna.